Baba Bula da Zannuwan Masauki

Garin ba shi da girma, amma Allah ya ba shi abin kallo. Akwai ruwan da ke faɗowa daga saman dutse ya tara tafki a ƙasa, ga kogon jemagu a gefensa, ga tsohuwar gadar ƙarfe da baƙi ke son a ɗauke su hoto a kanta. Duk wanda ya zo kallo yamma ta yi masa, masauki ɗaya zai kwana, don babu na biyu. Kuma duk zanin gadon da zai kwanta a kai, a faɗar mutanen gari, wankin Baba Bula ne.

Sunan ya samo asali ne daga bular da yake sa wa fararen kaya, wadda ta kama faratansa da tsagun tafin hannunsa har ta ƙi fita. Tun yana saurayi yake wanki a bayan masaukin, zamanin tsohon mai wurin, Allah ya jiƙansa, mutumin da kan ɗaga zani a rana ya dube shi kamar mai neman ƙaya a ƙafa. Da wanki Baba Bula ya yi aure, da shi ya gina 'yan ɗakunansa, da shi ya raini 'ya'ya har autarsa ta yi aure a birni. Ba shi da yawan magana. Alfaharinsa guda ne: in ya shanya zannuwa, mai wucewa sai ya runtse ido don haske.

Da tsohon ya rasu, ɗansa ya karɓi wurin, ya ce daga yau Manaja za a riƙa ce masa. Ya shafa wa gaban ginin fenti, bayan kuwa ya bar wa gansakuka. Ya kafa allo a mararraba mai cewa akwai ruwan famfo, da fanka, da talabijin, da gado mai laushi. Famfon tari kawai yake yi. Fankar in ta juya, matattun ƙudaje take yayyafa wa baƙo. Banɗakin kuwa kyankyasai sun mai da shi gidan gado, in ka shiga su ne ke kallonka kamar ba ka yi sallama ba. Duk wannan Baba Bula ya kau da kai, don ba ɓangarensa ba ne.

Sai wata safiya Manaja ya same shi a gaban baho.

"Baba, zani fuska nawa gare shi?"

"Biyu, ɗana."

"Manaja dai. To don me baƙo zai kwanta a fuska ɗaya, kai kuma ka wanke duka biyun? Sabulu ba a dawa ake tsinto shi ba."

Daga ranar aka kafa doka. Baƙo ya tashi, Gwaggo Mai Shara ta juya zanin. Na biyu ya tashi, ta mai da kai ƙafa. Na uku ya tashi, ta sake juyawa, ta fesa turare. Sai zanin ya fara ɗanko sannan a jefo wa Baba Bula.

Abin da ke zuwa masa, ko kare ya sansana sai ya yi atishawa. Maiƙon kai a gefen nan, maiƙon kai a gefen can, dauɗar diddige ta hau kansu. Ga shacin yawun barci ya bushe ya yi taswira, ga ɗige-ɗigen jinin kuɗin cizo kamar an watsa barkono. Mafi muni shi ne turaren, don in ya gauraya da tsohon gumi, warin sai ya sauka a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Da sanda yake ɗaga su ya tsoma a ruwan zafi, yana tofar da yawu gefe.

"Ka ga arziki," in ji Gwaggo, in ta kawo masa. "Wannan mutum huɗu ya aura, duk sun sake shi."

Ba ya dariya. Ya sha cewa zai bar aikin, sai ya tuna kirkin tsohon, ya kuma ce wa kansa in ya tafi, zannuwan nan ba su ba ruwa har abada.

Ana nan sai Auta ta kira shi a waya. Za su zo kallon ruwan dutse ita da uwar mijinta, kuma gwiwoyin Hajiya ba za su bari a koma gida a ranar ba.

"A masauki za mu kwana, Baba, tunda gida ba wuri. Na riga na cika mata baki. Na ce mata za ta ga wankin babana."

Ya san labarin matar: irin wadda ke sake wanke kofin da aka wanke ce, kuma har yau ba ta gama auna gidan da surukarta ta fito ba. Ga shi abin da Auta ta samu ta ɗaga kai da shi a gidan miji, shi ne hannun ubanta.

Ya sayo sabulunsa na kansa, ya zaɓi zannuwa biyu da rigunan matashin kai masu sauran rai, ya dafa su, ya wanke, ya ɗauraye, ya sa bula daidai misali, ya bi su da dutsen guga har suka yi kaifi. Ya fitar da katifun ɗakin kusurwa rana, ya kwarara tafasasshen ruwa a tsagun katakon gado, kuɗin cizo na fitowa suna mutuwa jere. Da hannunsa ya yi shimfiɗar. Sannan ya je wurin Manaja.

"Ɗakin kusurwa na baƙina ne. Surukar 'yata ce. Don darajar mahaifinka, kada a taɓa shi."

"An gama, Baba," in ji Manaja, idonsa na kan waya.

Baƙi suka iso da hantsi. Baba Bula ya raka su bakin ruwa, yana ƙoƙarin tare wa Hajiya gefen da ledoji da robobi suka taru suna kumfa. Kogon jemagu kuwa daga nesa ta toshe hanci ta ce ta yafe. Da yamma ya kawo su ƙofar masauki ya tsaya. Ina shi ina shiga ɗakin da suruka za ta kwana? Ya yi musu sai da safe, ya tafi gida zuciyarsa wasai.

Washegari, tun kafin ya kai baranda Gwaggo ta tare shi a lungu, tsintsiya a hannu, ba wasa a fuskarta.

"Jiya kuna can wurin ruwa wani mai babbar mota ya zo, wai yana ɗaukar hotunan masaukai don masu yawon buɗe ido. Manaja ya leƙa ɗakin kusurwa, ya ga farin zani, ya ce in kwashe in kai wa babban baƙo."

"Su kuma fa?"

"Zanin wani direban tirela mai mura. Ya ce in juya." Ta sunkuyar da kai. "Na yi magana, Baba. Ya ce in ina son aikina in juya."

Ya tarar da Hajiya zaune a kujerar roba a baranda, lulluɓe da mayafinta, idanunta sun yi ja. Daga gani a kujerar ta kwana. Auta na tsaye a bayanta tana kallon ƙasa, tana sosa wuyan hannu a ɓoye.

"Hajiya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Garinku akwai iska mai daɗi. Ruwan nan kuma, ikon Allah."

Sai da suka je shiga mota ta buɗe jaka, ta ciro sandar sabulu sabuwa a takardarta, ta miƙa masa.

"Ga wannan, Malam. Yana fitar da dauɗa sosai. Wataƙila nan ba a samun irinsa."

Bayani ya zo masa har baki, ya tsaya. Me zai ce? Cewa ba wankinsa ba ne, amma shekara da shekaru ya san abin da ake shimfiɗa wa 'ya'yan mutane da sunansa? Ya sa shuɗɗan hannuwansa biyu ya karɓa.

"Na gode, Hajiya. Allah ya kai ku lafiya."

Auta ba ta ɗago ba har motar ta sha kwana.

Baba Bula ya samu Manaja a ofis yana fara'a.

"Baba, albishirinka. Baƙon nan ya ce bai taɓa ganin farin zani irin namu ba, har hoto ya ɗauka. Ai talla na yi maka."

Baba Bula ya dube shi ya daɗe, irin kallon da yake yi wa zani kafin ya sa masa sanda.

"Na wanke maka tsummokin jarirantaka a bahon can," ya ce. "Sun fi wannan wurin tsabta."

Ya zaga baya ya kife bahonsa, ya kwance igiyar shanyarsa, ya ɗauki dutsen guga ya fita ta ƙofar gaba, abin da bai taɓa yi ba.

Yanzu a gindin wata bishiya kusa da gadar ƙarfe yake wanki, na mutanen gari, kuma shanyarsa na nan tana kashe ido. Sabulun Hajiya na kan tagar ɗakinsa, bai ɓare takardar ba. Auta ta ce har yanzu in surukarta ta zo gidanta, sai ta ɗaga gefen zanin gado ta sansana kafin ta zauna.

Baƙi kan tsaya wurinsa su tambayi inda za su kwana. Yakan nuna musu hanyar masauki da haɓa, don babu wani, sannan ya tofar da yawu gefe ya ce, "Ku tafi da zaninku."