Malam Je-ka-auno da Aljihun 'Yar Tela

Tef ɗin tela guda. Igiya mai mita goma, da ƙulli a kan kowace mita. Kwalbar lita ɗaya, babu komai a ciki. Cokalin maganin yara. Ƙaramin sikelin kicin. Alli rabin kwali. Takardar ritaya, an ninke ta gida huɗu.

Abin da ke cikin jakar ke nan ranar Alhamis ɗin da ta wuce, tana ɗaure a bayan keke, keken yana hawa tudun da ke gaban makaranta. Sauran kayan sun saba da hanyar, shekara talatin da biyar suna bin ta. Takardar ce baƙuwa. Ta ce yau ce ranar Malam ta ƙarshe a aji, jarrabawar fita kuwa saura kwana goma sha takwas.

Sikelin na matarsa ne. Da zai fito ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, tunda yau an gama, a dawo mini da sikelina. Aro ka ce."

"Ai har yanzu aron ne."

"Aron da ya girmi autanmu?"

Ya yi dariya, ya hau kekensa.

Malamin lissafi ne, amma ɗalibai sun daɗe da ajiye sunansa na yanka. Malam Je-ka-auno suke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Idan ana mayar da kilomita zuwa mita, ko giram zuwa kilo, ɗalibi ya kawo amsar banza, ba ya jan layi da jan biro. Sai ya buɗe jaka ya ce, "Je ka auno."

Wani magini da ya zauna a ajinsa tun da daɗewa yana ba da labarin har gobe. An tambaye su kilomita biyu da rabi mita nawa ne, ya rubuta ashirin da biyar. Malam ya miƙa masa igiya, aji duka ya bi su waje. Ya shimfiɗa ta sau biyu da rabi, ya tsaya daidai gindin famfo.

"Gidanku kilomita nawa ne daga nan?"

"Kamar biyu da rabi, Malam."

"To sannu da isowa. Ka gaishe mini da mutanen gida."

Maginin ya ce dariyar da aka yi masa ran nan ta fi bulala goma, kuma tun daga ranar bai sake yanka ƙarfe ba sai ya tambayi kansa abin da Malam ke tambaya kafin a taɓa biro: amsar za ta ƙaru ne, ko za ta ragu? Ma'auni in ya ƙanƙance, lamba ta yi yawa. In ya girma, lamba ta ragu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ita ma haka take yi duk sanda likita ya rubuta rabin giram, ƙwayar kuma miligiram ɗari biyu da hamsin ce. Wani da karatu ya kai shi ƙasar da ake awo da mil da inci ya tarar lambobin sun sauya, tambayar tana nan yadda take.

Amma ranar Alhamis hankalin Malam ba a kan waɗannan yake ba. Yana kan benci na uku, wajen taga, inda wata ɗaliba 'yar tela take zama. Sau biyu tana zana jarrabawar fita, tana cin kowane darasi, lissafi yana kayar da ita, makarantar koyon jinya kuma ba ta karɓar mutum sai da shi. Babanta ya yi magana ba tare da faɗa ba: ta gwada na uku, in bai yiwu ba ga keken ɗinki nan yana jiranta. Malam ya san inda take tuntuɓe. Tsawo ba ya ba ta wahala. Da an ce murabba'i sai ta ninka da ɗari ta wuce, kamar shimfiɗa ba ta da faɗi.

Ya rubuta a allo: darduma ce mai murabba'in mita uku, murabba'in santimita nawa ke nan?

"'Yar tela, taso."

Ta taso, ta rubuta ɗari uku. Wasu a baya suka fara gyara murya. Malam ya ciro tef ya miƙa mata. Ta karɓa, amma ba ta ware shi ba. Ta tsaya tana kallon lambar da ta rubuta, leɓenta yana motsi.

"Malam, aljihun da Baba ke yankawa sha biyar ne a ashirin."

"To?"

"Sha biyar sau ashirin ɗari uku ne. Wannan ba darduma ba ce, aljihu na rubuta."

Wani daga baya ya ce, "Sai ki shimfiɗa wa baƙi su zauna."

Aji ya kwashe da dariya, har da ita. Ta durƙusa a ƙasa da alli, ta ja mita ɗaya nan, mita ɗaya can, ta rufe akwatin. Ɗari a tsaye, ɗari a kwance, dubu goma ke nan a akwati ɗaya. Ta miƙe ta goge amsar da gefen hannu, ta rubuta dubu talatin. Ba wanda ya tura ta. Ita ta aiki kanta awo.

Malam ya juya yana neman wani abu a cikin jakar da ya san duk abin da ke cikinta. Da ya ɗago sai ya ce, "Zauna. Ki ce wa babanki na gode da aron aljihu."

Malam, yabon gwani ya zama dole. Kai ne ka mayar da lamba abin da ake ɗauka a hannu a ji nauyinsa. Kai ne ka hana mu rubuta cewa jariri ya kai kilo dubu uku mu miƙa takarda ba kunya. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, amma akwai gine-gine a tsaye da marasa lafiya da suka tashi saboda wani ya tsaya ya sake duba inda ɗigo ya faɗa. Mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya ba da lafiyar cin hutu.

Masu koyarwa da ke tasowa, abin bai fi ƙarfinku ba. Igiya ce da kwalba da haƙuri. Yaro in ya kawo amsa, ku bar shi ya gan ta da idonsa, gani ya kori ji.

Da aka tashi, ɗalibai suka ƙi fita. Suka yi cirko-cirko, kowa yana jiran wani ya fara magana. 'Yar tela ce ta yi.

"Malam, saura lita da murabba'i mai zurfi. Ba mu taɓa su ba."

Ya san haka. Amsa ɗaya daidai ba ita ce cin jarrabawa ba, kwana goma sha takwas kuma ba su da yawa. Ya kora su waje, ya share allo, ya ɗauki jaka. Shugaban makaranta yana tsaye a baranda yana jiran makulli.

"Jakar fa, Malam? Ko za a bar wa wanda zai zo?"

"Akwai kayan aro a ciki."

Ya ja ƙofar ajin ya rufe, ya murɗa makulli, ya miƙa. Sannan ya juya ga yaran.

"Gobe bayan la'asar, ƙofar gidana. Kowa ya zo da kwalba. Mayar wa matata da sikelinta kuma sai an gama jarrabawa."