Shanun Malam Sale

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da na tambayi wani dattijo ko in zuba masa garwashi a aljihu, shi kuma ya ce mini madalla ba.

A lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani asibitin karkara a yankin Kabo. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, idan babban asibiti ya sallami mara lafiya, sai a ba shi takarda ya kawo mana, mu kuma mu riƙa binsa gida. Mu duba ciwo, mu auna jini, mu tabbata ana shan magani, mu kuma koya wa 'yan gida yadda za su riƙa motsa masa hannu da ƙafa kamar yadda sashen gashin ƙashi ya rubuta.

Wata Litinin, ana dab da faɗuwar damina, shugaban asibitinmu Malam Habu ya miƙo mini wata takarda. Ya ce, "Malama Saude, wannan naki ne. Malam Sale, manomi, can wajen Durun. Yana dawowa daga kasuwar Gwarzo da buhun taki a bayan babur, ya faɗa rami, kansa ya bugi ƙasa. Hular yadi ce kawai a kansa. An yi masa aiki a Kano. Ɓarin dama ya yi rauni, magana kuma ta tafi."

Na ce, "Gaba ɗaya, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Saura kalma ɗaya. Je ki ji da kunnenki."

Matarsa Inna Kulu ce ta tarbe ni. Bayan mun gaisa, na tambayi gida da ya mai jiki, ta ce, "Ai Likita, da sauƙi. Mutumin nan da can faɗa ne da shi kamar me, amma tun da ya dawo, komai aka yi masa sai ya ce madalla." A ƙauye duk mai farar riga likita ne, na gaji da gyarawa na bari.

Na same shi zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya. Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni?" Ya ce, "Madalla." Ya jiki? Madalla. Aka kawo masa kunun tsamiya, ya kawar da kai, ya yamutsa fuska, ya ce da ƙarfi, "Madalla!" Inna Kulu ta ce, "Kin gani ko? Da ko ƙamshinsa ba ya so." Ta ci gaba da ɗura masa.

Nan na gane abin da ake ciki. An koya mana cewa idan rauni ya taɓa wurin magana a ƙwaƙwalwa, wani sai kalma guda ta maƙale masa a baki. Ita ce e ɗinsa, ita ce a'a, ita ce zaginsa. Yana jin yawancin abin da ake faɗa, amsar ce ba ta fita daidai. Na yi mata bayani, ta ce to, amma na ga to ɗin na ladabi ne.

A zuwana na uku na tarar da wansa, Alhaji Mudi, a tsakar gida tare da wani dillalin dabbobi, suna duba shanun noman Malam Sale guda biyu. Alhaji ba mugu ba ne. Shi ya yi jinyar ƙanensa a Kano daga farko har ƙarshe. Ya ce mini, "Likita, Sale ba zai yi huɗa bana ba, ciyar da su kuma ya yi wa Kulu yawa. Na shawarce shi sau biyu a gaban mutane, ya ce madalla."

Na dubi Malam Sale. Hannunsa na hagu ya damƙe bakin tabarma, idanunsa sun cika da ƙwalla.

Sayar da shanu ba ya cikin takardar aikina, kuma ni yarinya ce a gaban Alhaji. Amma na ce, "Alhaji, a yi mini izini in yi masa tambaya ɗaya." Na juya na ce, "Baba, in ɗebo garwashi in zuba maka a aljihu?"

Ya zaro ido ya ce, "Madalla!"

Dillalin nan ya fashe da dariya har yana dafa bango. Inna Kulu ma ta dara, sai kuma ta tsaya cak, ta kama baki. Ta ce, "Wayyo ni, kunun tsamiya! Wata guda ina ba shi!" Alhaji kuwa bai yi dariya ba. Ya zauna a kan turmi ya ce, "To yanzu ta yaya za mu san abin da yake so?"

Na sa aka kawo fartanya da kwanon awo, na ajiye su a gabansa. Na ce, "Baba, fartanya gona ce, kwano kasuwa. Ina shanu za su je?" Na roƙi kowa ya yi shiru, kada a amsa masa. Ya daɗe yana kallonsu, har Alhaji ya fara motsi. Can ya ɗaga hannun hagu ya buga fartanyar nan da ƙarfi. Na sauya musu wuri na sake tambaya, don kada a ce dace ne. Ya sake bin fartanya. Sannan ya nuna Alhaji, ya nuna shanun, ya nuna gabas inda gonakinsu suke.

Alhaji ya ce, "Ni zan riƙe su, in sa a yi mana huɗa mu duka?" Malam Sale ya kama hannunsa ya riƙe. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yafe mini, Sale." Dillali ya yi sallama ya kama hanya, yana ta murmushi.

Da na ba Malam Habu rahoto, ya ce, "Garwashin dai kada ki rubuta shi a fayil."

Daga nan gidan ya sauya. Komai sai a ajiye masa biyu ya zaɓa: koko ko fura, riga fara ko shuɗiya. Inna Kulu ta riƙa faɗin sunan abin da ya taɓa, shi kuma yana ƙoƙarin maimaitawa. Kafin kaka ya samu kalmomi kaɗan, kuma yana takawa da sanda har zaure. Hannun dama bai dawo ba, maganar ma ba ta koma yadda take ba.

Wata rana na gama dubansa, na fito na hau bayan ɗan acaɓan da zai mayar da ni. Sai na ji an buga sanda a ƙasa. Malam Sale ne a bakin zaure. Ya tuɓe hularsa, ya nuna dogon tabon ɗinkin da ke kansa, ya nuna ni, ya nuna mai babur. Ya yi ta kokawa da bakinsa, mu kuma muna jira. Da ƙyar ya ce, "Kai... kwano."

Kunya ta kama ni. Ni da ke tara mutane ina yi musu bayanin hular kwano, ga ni a kan babur daga ni sai ɗankwali da mayafi. A makon nan na sayi tawa. Mata sun yi mini dariya a hanya, na bar su suka yi ta yi.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuka fara aiki yanzu, shi ne 'yan gida ba su cika cutar da majiyyaci don ƙeta ba. Gajiya ce da rashin sani, kuma su ma aikinmu ne. Shi kuwa wanda ya ji rauni a ka, yana nan da ra'ayinsa da abin da yake so, ko da bakinsa ya ƙi. Idan kun shiga gida, shi za ku fara gaisarwa, shi za ku fara tambaya, sannan ku kama bakinku ku jira.