Kyaftin Biyu a Zaure Ɗaya

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa, ban taɓa mantawa da wata ranar rabon kyaututtuka a makarantarmu ta sakandare a Mubi ba. Muna Jihar Gongola a lokacin, soja ke mulki. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, a ƙarshen shekarar karatu akan gayyaci iyaye da manyan gari, a ba ɗaliban da suka yi fice littattafai, sannan a rufe taro da wasan kwaikwayo. Ni ne malamin tarihi, don haka wasan ya faɗo kaina.

Kafin in kama alli na yi yawo. Na yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Duwala, na kuma zauna a Bur Sudan kan hanyar Makka. A bakin tsofaffin matuƙa na tsinci labaran 'yan fashin teku na zamanin da iska ke tura jirgi, kafin a san inji. Daga nan na ƙago nawa mutumin. Ɗalibai suka sa masa Kyaftin Gishiri, saboda na ce musu ruwan teku ba ya shayuwa. Da ƙyar suka yarda. Ruwan da suka sani shi ne kogin nan namu, mayo Yedzaram, wanda da rani ake tsallakawa da ƙafa.

A wasan, Gishiri ya fara ne da jan igiya a jirgin fatake, yana shan bulala da ruɓaɓɓen abinci. Shi da abokansa suka ƙwace jirgin, suka kafa baƙar tuta, aka zaɓe shi kyaftin ta hanyar ɗaga hannu, bisa sharaɗin in ya ci amana hannuwan nan za su sauke shi. Ya daɗe yana tare jirage. Sarkin ƙasarsu ya yi masa afuwa, ya gwada noma, ya kasa, ya koma ruwa. Daga baya ya fara ɓoye ganima, mutanensa suka tsige shi, suka ajiye shi a tsibiri da tulun ruwa ɗaya. Jirginmu benci shida ne, da zanen gado ɗaure a jikin gora.

Saura kwana uku, shugaban makaranta, Mista Vandi, mutumin Michika, ya kira ni ofis.

"Malam Usmanu, ka san wa zai wakilci gwamnati ranar Asabar?"

"A'a, Yallaɓai."

"Wani hafsa daga bariki. Kyaftin ne." Ya cire tabarau ya dube ni. "Kai kuma ka tara yara za su ce kyaftin ɓarawo ne, a tsige shi. Kana so mu koma gona ni da kai?"

Ba wasa yake ba. A zamanin nan takarda ɗaya daga Yola ta isa ta raba mutum da aikinsa, ni kuma ina da iyali a unguwar Yelwa.

Muka zauna neman wata kalma. Na ce sarkin jirgi.

"Wakilin hakimi zai zauna a layin gaba."

"Ardo fa?"

"Rabin iyayen nan Fulani ne."

"Shugaba?"

"Ni ke nan. Na gode."

Har direba muka gwada, sai ya tuna 'yan tasha ne za su kawo mana kujeru. Na ce masa a Garwa ta Kamaru mai Faransanci in ya ce kyaftin, sau da yawa giwan ruwa yake nufi, kifi. Bai yi dariya ba. A ƙarshe na kawo rayyis, yadda Larabawan Bur Sudan ke kiran mai jirgi. Muka duba duk Mubi ba mu ga mai wannan suna ba, muka amince. Kwana biyu ina bin ɗalibai ina cire musu kyaftin daga baki.

Ranar Asabar da hantsi zaure ya cika, hafsan yana tsakiya da sandarsa a kan cinya. Komai ya tafi daidai har aka zo wurin tsigewa. Hamman, ɗan aji biyar mai fitowa a mataimakin Gishiri, ya hau benci, wasa ya ɗebe shi, ya nuna yatsa ya ɗaga murya:

"Kyaftin ɓarawo ne! Wanda ya yarda mu sauke shi, ya ɗaga hannu."

Hannuwa goma sha biyu suka tashi a jirgi. Wani tsoho daga Gude da bai fahimci abin da ake ciki ba, shi ma ya ɗaga nasa. Mista Vandi ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Da aka tashi, wani soja ya ce ana kirana. Na je na tsaya.

"Malam, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kyaftin ɗin naka, na ruwa ne ko na tudu?"

"Na ruwa ne."

"To ka sani, a wurinmu kyaftin na ruwa daidai yake da kanar. Ya girme ni da mataki uku. Ko ina so, ba ni da ikon shiga maganarsa." Sai ya fashe da dariya. "Amma wane ne wannan Rayyis da aka yi ta kira tun farko? Na jira ya fito, ban gan shi ba."

Mista Vandi ya yi wuf ya ce, "Ba shi da lafiya ne, Yallaɓai."

Abin da na koya shi ne, a aikinmu kowace kalma tana da mai ita a cikin zaure, kuma malami ba ya cire wa ɗalibi a kwana biyu abin da ya shafe wata biyu yana cusa masa. Na kuma gane tsoronmu ya fi mutumin da muke tsoro girma. Takarda ba ta zo daga Yola ba. Abin da ya zo shi ne suna: har na yi ritaya, daga ɗalibai zuwa masu nama a kasuwa, Rayyis ake kirana, kuma Mista Vandi bai taɓa gaishe ni ba sai ya tambaye ni ya jiki.