Luguden da na koya wa ƙarafa

Ku matso kusa, ku ara min kunnuwanku. Abin da zan faɗa a tsakar gidana ya faru, nan Kabo.

Ina da jika mace, ni na goye ta tun ranar da uwarta ta rasu. Ta yi boko har jami'a. Bayan girbi ta zo hutu da kwali cike da 'yan ƙarafa, kowanne bai wuce sabulun wanki ba. Ta ce injuna ne masu kama juna da kansu su zama gada ko tsani, ita kuma tana ƙirƙirar yaren da za a riƙa ba su umarni ta kwamfuta. In aikin ya yi, wata makaranta a ƙasar waje za ta ɗauke ta. Ni kuwa ita kaɗai ta rage min.

Aikin ya ƙi. Ta naɗa musu shugaba guda, kowa shi yake jira, da batirinsa ya mutu sai duk su sandare a kan tabarma. Kwana uku tana fama. Allah ya gani, daɗi na ji a raina.

Rana ta huɗu ana dakan biki a maƙwabta, mata uku a turmi guda suna lugude. Ta rafka tagumi tana saurare, sai ta tambaye ni wace ce ke ba su umarni. Na yi dariya.

"Ke da bokonki, wa ya taɓa naɗa sarauniya a lugude? Kowacce taɓaryar ta gabanta take bi. In ɗaya ta fita shan ruwa, sauran su cike gurbin, turmi ba ya sanin an ragu."

Ta ɗago kai. "Inna, maimaita min."

A nan na gane abin da bakina ya yi. Da na so, sai in ce tsufa ne, na manta. Na dubi fuskarta, na ga ta uwarta. Na maimaita, har na ƙara mata da yadda mai shigowa take yi: sai ta ji bugu biyu tukuna ta saki taɓarya.

Ta rushe yaren ta sake ginawa. Bayan mako guda ta jera ƙarafan, ta ce in cire wanda na ga dama. Na tsamo na tsakiya, na damƙe a hannu. Sauran suka yi jim, suka matsa suka rufe gurbin, suka ci gaba kamar ba a taɓa yin sa ba. Ita tana ta murna. Ni ina kallon wanda ke hannuna.

Makarantar ta ɗauke ta. Yanzu jikata tana can ƙasar sanyi, takan kira ranar Juma'a. Cikin matan luguden, biyu injin niƙa suke kai hatsi yanzu, ta ukun ta bi ɗanta Dugabau. Ƙarafan sun tafi a kwalinsu, ban da wanda na cire. Ta ce in riƙe, ba sa buƙatarsa. Ni ina nan. Yana cikin langa a ƙarƙashin gadona, batirinsa ya daɗe da mutuwa.