Sunan da Munira Ba Ta Kamawa

Kowa a Gazawa ya san ƙuli-ƙulin Munira, matar Muttaka mai kai wake bakin iyaka a babur. Tun tana budurwa take wannan sana'a, kuma ba a taɓa jin ƙauri daga kaskonta ba. Haihuwarta biyu. Ƙaramar, Nazira, zazzaɓi ya ɗauke ta wata damina. Lokacin tana raye, ita ce Munira ke kira da suna, ta yi mata wasa a gaban kowa. Wanda ya rage shi ne Rilwanu, ɗan fari, kuma a danginsu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. "Kai" take ce masa, ko "yaron nan". Haka uwarta ta yi, haka kakarta.

Rilwanu yaro ne mai kwanaki iri biyu. Wani lokaci ya tashi kamar an hura wuta, surutu ba numfashi, ya kwance awakin maƙwabta wai zai koya musu tsere, abu kaɗan kuma ya yi jifa da kwano. Sai a wayi gari ya kwanta bayan rumbu, ko fura ba ya kallo. A lakol, makarantar boko, an ce ba ya iya zama a benci. Likitan ƙwaƙwalwa a Maradi ya ce cuta biyu ce ta haɗu: ɗaya tana hawa da sauka da ransa, ɗaya tana hana hankalinsa tsayawa wuri guda. Ya rubuta magani, ya ce a kiyaye masa barci. In kuma abin ya motsa, kada a taru a kansa. Mutum ɗaya ya durƙusa, ya kira sunansa a hankali, ya ba hannunsa abin yi.

Munira ce ke ba shi maganin. Ita ta gano cewa in ya fara tauna wuyan rigarsa, hadari ya haɗo. Amma durƙusawa da kiran suna sai Gwaggo Habi, yayar Muttaka, wadda ta zo daga Gidan Sori gaisuwar rasuwar Nazira ta zauna.

"Rilwanuna, zo ka ɓare mini gujiya, idona ya mutu."

Sai yaron ya zauna. Munira na bakin murhu tana jin ƙarar ɓawo. Gujiyar tata ce. Dabarar ma tata ce, ita ta koya wa Habi. Amma masu zuwa sayen man gujiya cewa suke yi, "Allah ya saka wa Gwaggo, ita kaɗai ke iya masa." Munira ta ce amin, ta cika musu kwalba ba ta ɗago ba. Ran da aka yabe shi a lakol, da gudu ya wuce ta ya faɗa ɗakin Habi.

Da kaka ta ƙarato, Habi ta ce za ta koma gida, kuma da yaron za ta tafi riƙo.

"Ba laifinki ba ne, Munira, kunya ta ɗaure ki. Ni kuwa gwaggo ce, ba na kunyar kowa."

"Maganinsa fa, Yaya?"

"Ƙwaya ce ai, ba aikin Hajji ba."

Muttaka ya ce to, don ba ya musu da yayarsa. Ranar nan maƙwabta suka ji ƙauri daga gidan.

Ranar tafiya aka kawo amalanken jaki ƙofar gida. Tun da safe Rilwanu ke tauna wuyan riga. Habi tana ta ɗaure kaya, ba ta lura ba. Munira ta gani. A ranta ta ce, bari mai iyawa ta iya.

Ana ɗora buhun ƙarshe Rilwanu ya haye amalanken, ya fizge sanda yana dukan jakin yana ihu. Jakin ya fara ja da baya, ƙafar amalanken ta nufi rami. Mutane suka taru, wannan ya ce a kama shi, wancan ya ce a kira malam. Habi na kiransa, muryarta ta ɓace cikin hayaniya.

Munira ta ratsa taron da ƙwaryar gujiya. Ta durƙusa inda zai ga fuskarta.

"Rilwanu."

Sandar ta tsaya a sama.

"A'a! Munira, ɗan farin?" in ji wata tsohuwa.

Ba ta waiwaya ba. Yaron yana haki, hawaye na zuba. Ya daɗe yana kallonta.

"Sake faɗa, Inna."

Ta sake. Ya sauko, ya zauna a ƙasa ya sa hannu cikin ƙwaryar. Habi ta tsaya a kansu, hannu a ƙugu.

"To, marar kunya. Tashi ki sauke masa kayansa."

Habi ta tafi ita kaɗai. Da la'asar, yana ɓare gujiya kusa da murhu, ya ɗago ya ce, "Inna, yaushe Gwaggo za ta dawo?"

Munira ta gyara itace, ta hura wuta.

"Ɓare gujiyarka, Rilwanu."