Goyon Kwalba a Cikin Inna Murjanatu

Kafin raɓa ta bushe a fadamun albasa, Inna Murjanatu ta baro Sabiyal a bayan babur, ta isa ɗakin binciken da take wanke kwalabe a Aliero. Takan fara da leƙa wani akwatin ɗumi ta yi sallama, kamar mai shiga gidan jego. A ciki akwai ƙwayoyin bangon cikin ɗan Adam, masu rai, kwance cikin ruwa ja-ja.

Ɗaliba Fadila ce ke kiwonsu. Ƙwayar cutar gyambon ciki tana fitar da dafin da ke huda su kamar rariya, Fadila kuma tana neman abin da zai tare dafin. Mahaifinta na Gumbin Kure, ciwon ya raba shi da tuwo da gona. Ta taɓa nuna wa Inna ƙwayoyin a madubin likita. Inna ta daɗe tana kallo, ta ce ita tafki ta gani, da kainuwa tana yawo a kai. Tun ranar take mafarkinsu.

Wata safiyar sanyi wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, akwatin ya fara hucewa. Fadila ta zauna a ƙasa tana hawaye, domin kwalba ɗaya ta rage, kuma ita ce ta gwajin ƙarshe.

"Ɗiyata, ba daga ciki anka ɗebo su ba?" in ji Inna. "Toshe bakin, miƙo min nan."

Ta ɗora kwalbar a cikinta, ta ɗaure da zane. Masu gadi sun gan ta zaune a hantsi, ko tari ba ta yi, tana yi wa kwalba waƙar reno. Da wuta ta dawo, Fadila ta duba. Suna da rai, kuma hudar ba ta kai ta da ba.

Magani bai fito ba tukuna, hanya da saura. Amma ke ce, Inna, uwar goyon abin da ido ba ya gani, kika hana ta yankewa. Yau da kike ajiye aiki, mu abokan aikinki mun gode. Masu tasowa, ku riƙe ƙaramin aiki yadda ta riƙe nata.

Da Fadila ta kai labari gida, mahaifinta ya ce, "In na samu lahiya, da Innar nan za ni cin tuwon hwarko."