Balton Hajja Kaltuma

A unguwar Bani Harisa kowa ya san Hajja Kaltuma da ɗinki, amma kaɗan ne suka san abin da hannunta ya fi iyawa. Balto ne, kwat ɗin mata irin na da: daga kafaɗa yake sauka a buɗe, ba ƙugu, ba ɗamara, ya tsaya a gwiwa. In mace ta juya, sai bayan rigar ya biyo ta yana lilo.

Tana yarinya ta koya, a tsohuwar unguwarsu kusa da masallacin Harami, wajen wata Baturkiya da ta ɗauke ta tsintar zare. A zamanin, bayan yaƙin duniya na biyu, matan Istambul da na Sham da shi suke zuwa ziyara. Baturkiyar ce ta nuna mata sirrin: a karkace ake yanka bayan, sannan a rataye rigar ta huta kafin a taɓa bakinta. Shekara da shekaru Kaltuma tana ɗinka wa baƙi. Daga baya aka rushe unguwar don faɗaɗa masallaci, abaya ta kanti ta cika kasuwa, aikinta ya koma rage tsawo da sa maɓalli. A gidanta kuwa ba wanda ya taɓa sa balto ɗinta. 'Yarta Murja cewa take kayan tsofaffin Turkawa ne.

A shekarar da yanar ido ta rufe mata ido ɗaya ta fara cin na biyun, aka tura jikarta Wafa koyarwa can Tabuka.

"Balarabiyata," in ji Hajja, don haka take tsokanar Wafa, wadda ke jin Hausa amma sai ta mayar da Larabci, "garin nan sanyinsa ba ya jin salati. Zo in gwada ki."

"Sitti," in ji Wafa, haka take kiran kakarta da Larabci, "akwai jaket a kasuwa."

"Akwai buhu ma a kasuwa. Miƙe hannu."

Ta ciro yadin ulu ruwan toka da ta daɗe tana ajiya. A tsakar gida ta yanka shi da hantsi, fuskarta kusan a kan almakashi, rabin aikin da yatsu take gani. Murja ta ce ta bari haka, Hajja ta ce wannan ne na ƙarshe, kuma jininta ne zai sa. Ta haɗa, ta rataye, rigar ta sauka yadda take so. Saura baki kawai. Nan idon ya ƙi, allura ta riƙa ɓace mata a cikin ulun.

Ta kira Wafa. "Kai shi shagon ɗinkin matan nan na Aziziyya, ki ce su kalmasa shi. Kalmasa kawai, kin ji?"

"Tayyib, Sitti."

Wafa ba ta taɓa jin kalmasa ba, ba ta san naɗe baki ake nufi ba. Kunnenta ya kai ta ga kalmar Larabci da ta sani, kammish, wato a tsuke. Kuma dama ita a ganinta rigar ta yi mata yawa. Abin da ta faɗa wa mai shagon ke nan.

Ranar da za ta tafi ta shigo sanye da shi, tana murna.

"Sitti, shufi," ta ce, wato duba, "ya zauna daidai."

"Juya in ji."

Wafa ta juya. Hajja ta kasa kunne, ba ta ji iskar rigar ba. Ta miƙa hannu ta shafa daga kafaɗa zuwa ƙasa, yatsunta suka ci karo da ɗinki biyu a ƙugu, matsattsu. Ta lalubi ciki ko an bar yadin a naɗe. An yanke shi.

Murja, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta gane. Ta buɗe baki, uwar ta ɗaga mata hannu.

"Yana da ɗumi?" Hajja ta tambaya.

"Sosai, Sitti." Da Hausa ta amsa, don ta faranta mata.

"To, madalla. Ki riƙa rufe wuyan."

Motar da ta zo ɗaukar Wafa ta tafi. Murja ta zauna kusa da uwar ta ce ko za a je shagon a karɓo ƙyallen da suka yanke, a mayar.

"Ba ya mayuwa," in ji Hajja. "Amma karɓo min. In taɓa."